Bari In Ɗan Taɓa In Gani

A unguwarmu ana lissafa ni cikin masu haƙuri. Na sha yini a layin mai ban ce uffan ba. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar kallon ƙwallo, ni ne mai cewa jama'a su bar wa Allah. Har sulhu ake kirana in yi in 'yan'uwa sun saɓa, wai don ba ni da garaje. To, yau zan tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni: ba zan iya ganin ɗanyen fenti in ƙyale shi ya bushe ba. Sai na taɓa.

Ba fentin ɗaki nake nufi ba. Shekarun nan na kamu da son harhaɗa ƙananan jirage da motoci na roba, irin waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa cikin kwali, mutum ya yanko kowane yanki, ya goge, ya manna da gam, sannan ya yi fenti har abin ya fito tamkar na gaske ne aka ƙanƙantar. Kowane kwali da ma'auninsa a rubuce. In ka ga 1/48, ana nufin sai ka jera irinsa 48 kafin su kai tsawon na ainihin. Motoci kuwa galibi 1/24 ne. Kamfanin da na fi sabawa da kayansa shi ne Tamiya, na birnin Shizuoka a ƙasar Japan, wanda ya faro a 1946 da sana'ar katako kafin ya koma roba. Uwargida dai ba ruwanta da wannan tarihin. A wurinta sunan abin "motocin wasan Malam", ko da kuwa jirgin yaƙi ne.

Gam ba ya ba ni wahala, sanfefa ma haka. Ina iya raba dare ina goge layin da ɓari biyu na jikin jirgi suka haɗu, har sai farce ya bi ta kai bai ji komai ba. Muddin hannuna yana da aikin yi, ba ni da matsala. Inda nake faɗuwa shi ne inda aikin ya zama a bar aiki. Da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na gane cewa haƙurin da ake yabona da shi duk haƙurin dole ne. A layin mai ba ni da zaɓi, kuma babu abin da zan taɓa ya matso da ni gaba. Amma ga jirgi a gabana yana sheƙi, ba ɗan sanda, ba maigadi, daga ni sai ɗan yatsana. A nan ne ake sanin mai haƙurin gaskiya, kuma ba ni ba ne.

Da a ce a fenti kore ko ruwan ƙasa na tsaya, da watakila har yau asirina a rufe yake, domin fentin da ba ya sheƙi yana da sutura. Tsautsayi ne ya haɗa ni da P-51D Mustang, jirgin yaƙin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1944 yawancin jiragen nan sun riƙa fitowa daga masana'anta ba tare da fentin ɓad-da-kama ba, alminiyom ɗinsu a fili yana walƙiya. Faɗin fukafukan na gaske ya ɗan haura mita 11, wato a ma'aunin 1/48 bai wuce santimita 23 da rabi ba, kuma duk wannan filin sai an mayar da shi ƙarfe da fenti, alhali roba ce. Wani abin da ya ƙara ba ni haushi da na karanta tarihin jirgin: ashe fukafukan na gaskiyar ma ba tsurar ƙarfe ba ne. A masana'antar ana cike ramuka da layukan haɗi na saman fiffiken, a goge, sannan a fesa fenti ruwan azurfa, don iska ta bi ta kai sumul. Ke nan a kamfanin North American Aviation akwai mutanen da aikinsu shi ne su fesa azurfa su kuma kau da hannu. Na tabbata ba irina suka ɗauka aiki ba.

Fentin azurfa ba launi ba ne kamar ja ko shuɗi. Ɓarɓashin alminiyom ne, falle-falle, ƙanana ƙwarai, suna iyo cikin ruwan fenti, kuma duk sheƙin da ido ke gani ya dogara ne ga yadda suka kwanta. In sun kwanta a shimfiɗe, kowanne ya maido da haske ta fuska ɗaya, sai ka rantse ƙarfe ne. In fentin ya fara bushewa a iska kafin ya sauka, saboda an yi nisa da gwangwanin ko zafi ya yi yawa, sai su sauka barkatai, jikin ya yi kaushi, ya yi toka-toka. In kuma an labta shi da yawa, sai su yi ta yawo cikin jiƙon, su taru a kwari su bar tudu, a samu dabbare-dabbare, da baƙin layi a duk inda ya gangaro. Ga shi kuma ba ya rufa wa kowa asiri. Ƙarzanen da ba ka gani ba a kan roba, da zarar azurfa ta hau shi sai ya fito raɗau, har ya fi yadda yake girma.

Abin kunyar shi ne duk na san maganin wannan. Ba jahilci ke damuna ba. Ɗan yayata, wani saurayi mai sanyin hali, ya ga kayan a ɗakina ya yi sha'awa, sai na zaunar da shi na yi masa karatu tun daga tushe, ina gyara zama ina gyaran murya.

Na ce masa, da fari ka wanke robar da sabulu da ruwa mai ɗumi, don maiƙon masana'anta da na hannunka su fita, ka bar ta ta bushe da kanta. Ka goge wuraren haɗi da sanfefa daki-daki, daga lamba 600 zuwa 1000 zuwa 2000, kana jiƙa ta da ruwa, kada ka tsallake mataki, domin kowace lamba aikinta share sawun wadda ta gabace ta. Ka fesa firaima ruwan toka, wato fentin shimfiɗa, ka ɗaga abin a gaban fitila ka karkata shi. Duk aibin da ka gani yanzu ne lokacin gyara shi. In kana son sheƙi mai zurfi, ka bi da baƙi mai ƙyalli, irin TS-14 na Tamiya, domin azurfa ba ta fin abin da ke ƙarƙashinta santsi. Sai ka zo kan ita kanta azurfar, ko AS-12 ce ko TS-30. Ka tsoma gwangwanin cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda hannu ke iya zama a ciki, ba tafasasshe ba, kuma kada ka kuskura ka kai shi kusa da wuta. Ɗumin yana ƙara wa feshin ƙarfi ya sa ya fito da laushi. Ka girgiza shi minti 2 cur bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon da ke ciki, domin ɓarɓashin yana kwantawa ne a gindi. Ka sa takunkumi, ka fita fili. Ka bar tazarar santimita 20 zuwa 30. Ka danna kan feshin kafin ka iso jirgin, ka wuce shi sannan ka saki, don ɗigon farko da na ƙarshe su faɗi a banza. Feshin farko ya zama yayyafi kawai, har baƙin yana leƙowa, ka jira, ka sake, ka jira. In ka gama, ka kifa gwangwanin ka fesa har sai iska kaɗai ke fita, don kada bakin ya toshe. Sannan ka kifa wa jirgin mazubin roba mai tsabta, ka tafi harkarka.

Yaron ya ce, "To, Kawu." Ya tafi ya yi yadda na ce, harafi da harafi. Da ya kawo mini motarsa ta farko, sai da na ga fuskata a jikin ƙofarta. Na ce masa ba laifi, da sauran gyara, amma za ka iya nan gaba. Allah Ya yafe mini wannan.

Ni kuwa ga yadda nawa aikin ke tafiya. Girgiza gwangwani ma yaƙi ne. Ban taɓa sanin minti 2 na da tsawo ba sai da na tsaya ina kaɗa gwangwani ina kallon agogo. Kafin rabin lokacin na riga na yanke hukuncin cewa wannan gwangwanin na musamman ne, ya gauraya. Feshin farko yakan tafi daidai, na biyu ma haka. A na uku ne shaiɗan ke zuwa. Jirgin ya yi kyau, ya kai inda ya kamata a tsaya, sai wata murya ta ce mini, kalli gindin fiffiken can, kamar bai ji ba, ƙara masa kaɗan. In ƙara. Yanzu wancan gefen ya fi wannan sheƙi, adalci ya wajaba, in ƙara wa wannan ma. Kafin in ankara fenti ya taru a bakin fiffike ya yi ƙwalla, yana shirin ɗiga.

Amma a ce na tsallake wannan. A ce na tsaya a kan lokaci, na kifa mazubi, na wanke hannu, na zauna shan shayi. Nan ne asalin ciwon yake tashi. Kofin bai kai rabi ba zan ji zama ya gagare ni. In ce bari in leƙa kawai, kallo ai ba ya ɓata fenti. In ɗaga mazubin. In ce bari in taɓa tsinken da na soke jirgin a kai, shi ma ai ya sha feshi. In taɓa, in ji ya bushe. To, tunda tsinke ya bushe, me zai hana ƙasan fiffike, inda ba mai gani? In taɓa da gefen farce, lafiya lau. Daga nan sai babban yatsa ya ce shi ma a ba shi dama, a saman fiffike, a tsakiya, inda hasken ya fi faɗawa.

Na san sarai abin da ke faruwa a wannan lokacin, don ni na koya wa yaron. Irin wannan fentin yana yin fata a sama cikin 'yan mintuna, amma ƙarƙashi ɗanye ne, tinar da ke ciki, wato ruwan da ke tsinka fentin, tana fita a hankali. Mai saurin bushewa ma yana son a ba shi kwana guda ko fiye, fentin mai kuwa yana iya cin mako. Akwai ma gwajin da ba ya buƙatar hannu: ka kai hanci kusa, in har kana jin warin tina, bai nuna ba. Ina da hanci, kuma yana aiki. Amma ban taɓa yarda da shaidarsa ba sai yatsa ya tabbatar. In ɗaga yatsan, sai ga zanensa ya zauna daram a kan fiffike, layi-layi, ya fi wanda nake dangwalawa a takardar ƙuri'a fitowa.

Da fenti ja ne, da sai a jira ya bushe a goge wurin da sanfefa mai laushi a murza, ya wuce. Azurfa ba ta yarda da haka. Ka goge ta, ka yanke ɓarɓashin, wurin ya zama tabo mai duhu wanda babu murzar da za ta dawo da shi. Dole bayan gugar a sake feshi. Mai hankali zai bari sai gobe ko jibi. Ni a take nake ɗauko gwangwani, wai in rufe abin kunyar kafin wani ya shigo. Sabon fenti ya sauka a kan wanda bai bushe ba, tinarsa ta narkar da na ƙasa, fiffike ya yamutse. Sauri ya haifi nawa. Daga nan sai wanke fenti gaba ɗaya, a jiƙa a goge da tsohon buroshin haƙori, a koma kan sabulu da ruwan ɗumi kamar ba a taɓa yin komai ba.

Mustang ɗin da na fi ci wa buri shi ne mai jan wutsiya, irin na rundunar matuƙa baƙaƙen fata na Amurka da aka horar a Tuskegee, waɗanda suka yi yaƙi daga Italiya. Jan wutsiya yana nufin sai an rufe azurfar da salatif ɗin takarda kafin a fesa ja. Salatif kuwa ba ya hawa fentin da bai gama bushewa ba, ko da irin mai sauƙin ɗanko ne da aka yi don wannan aikin. A wannan karon ban taɓa da yatsa ba, ina alfahari da hakan. Salatif ɗin kawai na manna da wuri. Da na zo ɓarewa, ya taso da azurfar har da baƙin da ke ƙarƙashinta, ya bar mini roba tsirara. Mutanen da suka yi fama da wariyar launin fata a gida da harsashi a sama, ga abin da na saka musu da shi.

Uzuri kam ina da shi buhu-buhu, kuma kowanne da ƙamshin gaskiya. Da hunturu ƙura ce: kana feshi tana sauka, kuma ƙwayar ƙura ɗaya a kan azurfa ana hango ta daga bakin ƙofa. Da bazara zafi yana busar da feshin a iska, jiki ya yi gurji-gurji, abin da masu harkar ke kira ɓawon lemo, ko ya yi kaushi kamar an watsa rairayi. Da damina danshi ne: tina tana fita da sauri, ta sanyaya fuskar fentin, raɓa ta kwanta, sheƙi ya dushe ya yi fari-fari. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ɗan yayata a garin nan yake, iska ɗaya muke shaƙa. Shi yakan yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ya yi feshinsa da sassafe, ya kifa mazubi, ya tafi makaranta.

Ga kuma tsadar abin. Gwangwanin Tamiya mililita 100 ne kacal, kuma ba a yarda a shiga jirgin sama da fentin feshi ba, ko a hannu ko cikin kaya, saboda yana kama wuta. Don haka ba abu ne da za ka ce wa mai dawowa daga tafiya ya riƙo maka ba. Samunsa sai da dabara da dogon jira. In ya ƙare sai in koma kan manyan gwangwanayen kasuwa, waɗanda masu walda da masu gyaran babur ke saye. Wasunsu suna yi, wasu kuwa tinarsu tana da zafi har takan ci robar ta tsattsage. Ƙa'ida ita ce a gwada a bayan cokalin roba tukuna. Ina da cokula cike da leda. Galibi bayan ɓarna nake tunawa da su. Wai kuma fentin farko da aka fara ɗurawa a gwangwanin feshi, wanda wani Ba'amurke mai suna Edward Seymour ya yi a jihar Ilinoi a 1949, ruwan alminiyom ne. Tun daga ranar farko ke nan an shirya mini.

Akwai wani mai fentin mota a bayan layinmu, dattijo, wanda ya yi shekaru yana feshi. Wata rana na ɗauki wani jirgin da na ɓata na kai masa, ina fatan ya ɗora laifin a kan fenti. Ya karɓa da gefen yatsu, ya karkata shi a rana, ya daɗe yana kallo.

"Yallaɓai, wa ya dangwala maka nan?"

Na ce, "Ka san yara."

Ya dubi zanen, ya dubi hannuna, bai ce komai a kai ba. Ya miƙo mini jirgin ya ce, "Gugarka ta yi kyau, feshin ma ba laifi. Amma fenti ba ya son a riƙa zuwa gaishe shi. Mu nan in mun fesa, ƙofa muke ja mu tafi cin abinci." Ya ƙara mini da cewa in zan bi da kiliya, wato farin ruwan nan mai garai-garai da ake rufe aiki da shi, in fara da yayyafi, don in na jiƙa shi lokaci guda zai tayar da ɓarɓashin ya rikita su. Na yi godiya kamar ban sani ba. Da na dawo gida na maimaita zancen yara a gaban uwargida, sai ta ce, "Malam, a gidan nan wane yaro ne ke da yatsa kamar wannan?" Ban sake ɗora wa yara ba. Yanzu kyanwa nake zargi.

Na gwada magunguna. Na farko shi ne cokalin fansa: in fesa cokali tare da jirgi, in ƙaiƙayin ya taso in taɓa cokalin. Dabara ce mai kyau, masu harkar da yawa suna yin ta. Ta yi mini aiki har zuwa ranar da na yi tunanin cewa kaurin fentin cokali ai ba lallai ya zo ɗaya da na fiffike ba, don haka shaidarsa ba ta isa ba. Na gwada safar hannu, sai na gano ita ma tana barin sawu, nata ma ya fi muni. Na gwada yin feshi dab da fita masallacin Juma'a, sai na kama kaina ina lissafin mintunan bushewa ana tsakiyar huɗuba, na ga wannan hanyar za ta kai ni inda ban shirya ba.

A kan kantata akwai jirgi guda da ya fito sumul, ba tabo, ba yamutsa, wanda duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya ko ƙarfe ne. Nakan yi murmushi in ce ai harkar sai da haƙuri. Abin da ba na faɗa shi ne, da yammacin da na fesa shi zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, ban iya ko ɗaga kai ba sai da fentin ya bushe ƙam. Sauro ne ya yi wannan aikin, ni dai na riƙe gwangwani.

Yanzu tsarin da muke kai shi ne na kabad. In na gama feshi, in sa jirgin a ciki, in kulle, in miƙa wa uwargida makulli, da sharaɗin kada ta ba ni sai ranar da muka yanka, ko da zan yi rantsuwa. Ta karɓi aikin da murnar da ta ba ni tsoro. Jiya da daddare na same ta na ce ina so in duba ne kawai ko ƙura ta shiga.

"Jibi ka ce, Malam."

Na ce ba taɓawa zan yi ba.

"Jibi."

Na koma ɗaki na zauna ina kallon kabad ɗin. A nan ne na lura cewa bayansa falankin banza ne, kuma da 'yan ƙananan ƙusoshi aka kafe shi.